Baƙar Kyamarar Dogo

"Mai hoto," in ji Goggo. Ta juya kalmar a bakinta kamar tana laluben tsakuwa a abinci. "Duk mazan da Allah ya halitta, ke da karatunki da fararen kayan asibitinki, sai mai hoto?"

Auta ba ta ɗago ba. Tana tsaye a gefen falo tana goge rigar aikinta, ta danna dutsen guga a kan kwalar fiye da yadda kwalar take buƙata.

Goggo ƙanwar Baba ce. Ita ta raini Auta tun ranar da mahaifiyarta ta rasu, don haka tana ganin babu wani lungu a rayuwar yarinyar da ba ta da ikon leƙawa.

"Mutumin da ake ce wa matsa nan, kauce can," Goggo ta ci gaba. "Mutane na zaune a kujera, shi yana rarrafe a ƙasa. A haka zan nuna wa ƙawayena surukina?"

"Sana'a ce, Goggo," in ji Auta. "Kuma ni ba na jin kunyarta."

Ta faɗe shi da ƙarfi, kai a sama. Dama Allah ya zuba wa Auta ji da kai. Tun tana 'yar ƙarama, idan ta faɗi ta kurje gwiwa, sai ta miƙe ta ce dama zama ta yi niyyar yi.

Yaya Babba na zaune a hannun kujera yana wasa da makullin mota. Ya yi gyaran murya.

"Ciyaman ya sake yi mini magana jiya."

Ciyaman tsohon ɗalibin Baba ne, dilan tayil da kayan banɗaki, kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Sunan ya bi shi har mahaifiyarsa ma da shi take kiransa. Ya daɗe yana neman Auta, kuma ta ƙofar Yaya da Goggo yake shigowa, don ya gane ta wajenta a kulle take.

Baba ya ninke jaridarsa. Shugaban makarantar sakandare ne da ya kusa ajiye aiki, kuma ko a gida idan ya ninke jarida kowa yakan yi tsit.

"Ban taɓa yi wa ɗana dole ba, ba zan fara a kan autata ba," in ji shi. "Amma ba na ba da 'ya ga mutumin da ban gani ba."

"Ai za ka gan shi, Baba," Yaya ya ce yana murmushi. "Liyafar sallamar da tsofaffin ɗalibai za su yi maka, shi Ciyaman ya ɗauka ya yi hoto."

Nan take Auta ta gane tarkon. Za a tara dangi da manyan mutane, Ciyaman na kan babban tebur, Dogo, mai hoton nata, kuma yana yawo a ƙasa a matsayin ɗan aikin da aka ɗauko.

"To madalla," in ji Baba. "Zan gan su su biyun a wuri ɗaya. Bayan liyafa zan yi magana, kuma ba zan maimaita ba."

Warin ƙuna ne ya dawo da ita hayyacinta. Ta ɗaga dutsen guga, ta tarar kwalar ta yi ja.

*

"Ka san Ciyaman ne, ka karɓa?" in ji Auta.

"Na sani," in ji Dogo. "Aiki ne. Kuma taron mahaifinki ne. Da in bar wani ya ɓata masa hotuna, gara in yi da hannuna."

Suna tafiya ne a layin masu sayar da kayan lantarki, ita ta taso daga aikin safe, shi yana rage tsawon takunsa don kada ya bar ta a baya. Ba a banza ake ce masa Dogo ba. Ko rumfunan shagunan sai ya sunkuya yake wuce su.

Tsohuwar kyamararsa ta fara gardama, wani lokacin ta ɗauka, wani lokacin ta yi shiru kamar an yi mata laifi. Ya daɗe yana shirin sauya ta. Yau ya ce sai Auta ta raka shi, tunda a cewarsa abin da zai ciyar da gidansu ne za a saya.

Shagon siriri ne, akwatunan gilashi hagu da dama, fanka na kaɗawa a sama tana ƙara. Mai shago, wani mai tumbi da ya san Dogo tun yana koyon aiki, ya shimfiɗa jan ƙyalle a kan kantar shagon ya ɗora kyamarori biyu.

"Ga su. Uwa ɗaya uba ɗaya. Cikinsu ɗaya, farashinsu ɗaya, fata ce kawai ta bambanta."

Ɗaya baƙa ce wuluk. Ɗayar kuma samanta da ƙasanta ruwan azurfa ne, maɓallanta na ɗaukar ido, hasken shagon na gudu a gefenta.

Auta ba ta ko kalli baƙar ba. Ta ɗauki mai ruwan azurfa da hannu biyu, fuskarta ta washe.

"Wannan," ta ce. "Dubi yadda take. Wallahi duk wanda ya gan ta a wuyanka ya san ba ƙaramin mutum ba ne."

"Tana da kyau," in ji Dogo. Amma baƙar ce a hannunsa. Ya kai ta ido, ya sauke, ya manna ta a ƙirjin baƙar rigarsa. Sai ta kusa ɓacewa.

Mai shago ya dubi wannan ya dubi wancan, ya shiga tsakani da dabarar 'yan kasuwa.

"Kowacce da ranarta. Mai azurfa ba ta saurin ɗaukar zafi a rana, kuma ko ta ɗan karce ba ya nunawa sosai. Baƙa kuwa, to, baƙa ce."

"Ka ji ko?" in ji Auta.

"Na ji. Amma saurare ni." Dogo ya jingina da kantar shagon. "Idan na shiga taro da abu mai ƙyalli, yara ne za su fara juyowa. Daga nan sai iyayensu. Kowa ya gyara zama, ya tsuke ciki, ya ba ni irin fuskar da ake mannawa a katin shaida. Shi ke nan na rasa su. Wannan kuwa, ko rubutun da ke goshinta sai na lulluɓe da baƙin salatif. Mutane su manta ina wurin, su koma dariyarsu ta gaskiya. A nan nake samun hoto."

"Ɓuya kake so ka yi ke nan."

"Ɓuyar ita ce aikin, Auta."

Ta ajiye kyamarar a hankali. Muryarta ta yi ƙasa, amma ta fi ta ɗazu kaifi.

"Ka san abin da suka shirya maka? So suke Baba ya gan ka a ƙasa, gwiwa da ƙura, shi kuma wancan yana sama da makirufo. Ni ba zan iya hana su ba. Abu ɗaya na roƙa. Ka shigo da abin da zai rufe musu baki. Ka sa kwat ɗin nan taka, ka rataya wannan, ka tsaya a inda za a gan ka. Ya yi yawa?"

Dogo ya ajiye baƙar kyamarar a kan jan ƙyallen.

"So kike su ga kyamara," ya ce, "don kada su gan ni."

"Me kake nufi?"

Mai shago ya tuna yana neman wata caja a ƙarƙashin kanta. Ya durƙusa, bai sake ɗagowa ba.

"Ranar da na zo ɗaukarki a asibiti," in ji Dogo, "ƙawarki ta tambaye ki aikina. Kin tuna abin da kika ce?"

Ta kawar da kai.

"Kika ce ina harkar yaɗa labarai. Ina tsaye a wurin, da jakata a kafaɗa. Ban ce komai ba, na ce wataƙila baki ne ya kufce. Bayan nan kika ce wa matar Yayanki ina da kamfani."

"Ba ka da situdiyo?"

"Ɗaki ɗaya ne da labule biyu. Ina alfahari da shi. Amma ba kamfani ba ne."

Hawaye suka cika idonta, kuma ta tsani hakan, don Auta ba ta son a ga kukanta ko a gida.

"Ni kake faɗa wa haka? Ni da kullum sai na sha faɗa dominka? Goggo ta daina cin abinci da ni. Yaya ba ya amsa gaisuwata sai ya ga dama. Na tsaya a gaban Baba na ce ba na jin kunyar sana'arka, a gaban kowa na faɗa."

"Na sani, kuma ba zan taɓa mantawa ba." Ya matso kusa da ita. "Amma wa kike karewa? Ni, ko wani Dogon da kika wanke kika goge a ranki? Idan Baba ya yarda da wancan, ni za a kai ki gidana. Ni mai durƙuso, mai dawowa da ƙura a gwiwa. Ba zan iya sa kwat in aure ki ba, sannan in yi ta ɓoye kaina a cikin gidana har tsufa."

"Don Allah," ta ce, hawayen na sauka. Wannan ne karo na farko da ta taɓa roƙonsa wani abu. "Sau ɗaya kawai. Domina."

Ya miƙa mata hankicinsa. Ba ta karɓa ba.

"Komai kika ce zan yi miki," in ji shi. "Ban da wannan."

Ya ƙwanƙwasa kantar shagon da yatsa. Mai shago ya ɗago da caja a hannu da fuskar wanda bai ji komai ba.

"Baƙar za ka sa mini a kwali."

Auta ta share fuskarta da bayan hannu, ta gyara jakarta.

"To je ka ɓuya," ta ce. "Amma kada ka ga laifina idan ni ma ban gan ka ba."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Har ranar liyafa bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Masu ji da kai biyu ne suka haɗu, wayar ce kawai ta sha kallo.

*

Zauren taron makarantar ya cika da rana tsaka. An ɗaure kujeru da fararen ƙyallaye, an jera furannin roba a gaban dandamali. Baba na zaune a layin gaba, Auta a damansa, Goggo a damanta tana fifita da takardar tsarin taro.

Ciyaman kuwa ko'ina yana nan. Shi ne a bakin ƙofa, shi ne a babban tebur, shi ne a makirufo. Agogon hannunsa kaɗai ya isa ya haska wa mutum hanya.

Auta ta yi wa kanta alkawarin ba za ta nemi Dogo ba. Alkawarin bai kai ƙarshen addu'ar buɗe taro ba.

Ta duba dama, ta duba hagu, ba ta gan shi ba. Mutumin da ya fi kowa tsawo a zauren, a ce ya ɓace? Har ta fara zargin ko bai zo ba, sai ta hango shi. Yana tsugune a gindin lasifika, baƙar riga, baƙar kyamara a manne da fuskarsa, bai ko motsi.

Ta bi inda kyamarar ke kallo. Tsohon masinjan makarantar ne a can gefe, wanda ya yi ta ɗaukar wa Baba jaka tun gashinsu na baƙi. Yana tsaye shi kaɗai yana goge ido da hularsa, don ya tabbata babu mai ganinsa.

Dogo ya sauke kyamarar. Kafin ta ƙifta ido ya koma bayan ginshiƙi.

Ba ta sake jin jawabin kowa ba. Shi take bi da ido. Ta gan shi ya ratsa tsakanin kujeru babu wanda ya janye ƙafa. Ta gan shi durƙushe dab da wasu tsofaffin malamai mata suna tuntsira dariya, ko ɗayarsu ba ta gyara zama ba. Ta gan shi yana jira, yana jira, har lokacin da Baba ya cire tabarau ya matse gefen idonsa da yatsa.

Ta daɗe tana son mutumin nan, amma yau ta fara ganin yana aiki. Wani alfahari ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai kunya mai zafi. Gaskiya ya faɗa a shago. Da bakinta take kare shi, zuciyarta kuwa tana neman abin da za ta lulluɓe shi da shi.

Baba ya karkato kansa.

"Ina yaron naki? Ko bai zo ba?"

Dogo na durƙushe a lokacin, bai fi tsawon tabarma daga gare su ba, gwiwar wandonsa ta yi fari da ƙura. Goggo ta daina fifita, ta kafa mata ido.

"Yana nan, Baba," in ji Auta can ƙasan maƙoshi. Ba ta nuna shi ba.

Ta san ya ji. Bai juyo ba, amma ta ga kafaɗarsa ta ɗan sauka.

Da aka gama ba da kyaututtuka, Ciyaman ya karɓi makirufo.

"Yanzu sai hoton iyali. Ina mai hoton nan da muka ɗauko?" Ya kaɗa yatsu a iska. "Kai, mai hoto. Zo nan da sauri, manya na jira."

Aka hau dandamali. Aka ajiye wa Baba kujera a tsakiya, Goggo a hagunsa, Yaya da matarsa a baya, Auta a tsaye a damansa. Ciyaman ya sulalo ya tsaya kusa da ita, kamar dama an haife shi a gidan.

Dogo ya fito fili ya miƙe tsaye. Sai a lokacin mutane suka ga tsawonsa. Ya duba ta kyamara, ya sauke.

"Taga tana bayanku, fuskokinku za su yi duhu," ya ce cikin natsuwa. Ya zaro fitilar hoto daga jakarsa. "Matattakalar nan ba za ta bari in kafa ta ba. Ina neman wanda zai riƙe mini ita daga nan gefe."

Ciyaman bai ajiye makirufo ba, da gangan.

"A kira ɗaya daga masu raba ruwa," in ji shi, murya na fita ta kowace lasifika, "ya zo ya taimaki ɗan'uwansa."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma ta isa. Masu raba ruwan ma suka noƙe a bayan zaure. Dogo na tsaye a tsakiyar fili, kyamara a hannu ɗaya, fitila a ɗayan, fuskarsa ba ta canza ba. Babu wanda ya taso.

Ƙarar takalminta aka fara ji a kan katako.

Auta ta sauko daga dandamali, ta tattare gefen doguwar rigarta, ta ratsa filin a gaban dangi da malamai da manyan baƙi. Ta karɓi fitilar daga hannunsa.

"Ina zan tsaya?"

"Koma, Auta," ya ce a hankali. "Hoton gidanku ne."

"Na ce ina zan tsaya."

Ya dube ta. Sannan ya nuna mata da haɓa. Ta matsa gefensa, ta ɗaga fitilar sama da kanta.

"Ke," in ji Yaya ta cikin haƙora. "Dawo nan kafin ranki ya ɓaci."

Goggo ta dafe ƙirji tana salati.

Auta ba ta kalli ko ɗayansu ba. Mahaifinta ta kalla, kuma ba ta buƙaci makirufo ba.

"Baba, ɗazu ka tambaye ni, ban amsa maka yadda ya kamata ba. Ga shi nan. Shi ne. Mai hoto ne, wannan ce sana'arsa, kuma da ita zai riƙe ni idan ka amince."



Baba ya mayar da tabaransa. Ya dubi Dogo tun daga ƙurar gwiwarsa har zuwa kansa, irin kallon da ya sa ɗalibai da yawa suka faɗi gaskiya tun kafin a tambaye su.

"Tun yaushe kake cikin zauren nan?"

Dogo ya rusuna. "Tun kafin a jera kujeru, Baba."

"Ban gan ka ba." Baba ya ɗan karkata kai. "A zauren nan ba a taɓa ɓuyar mini ba. Tambayi wanda ya ɗauko ka, ya gwada sau da yawa."

Wasu tsofaffin ɗalibai suka ƙunshe dariya. Murmushin Ciyaman ya tsaya a inda yake, ya rasa hanyar komawa.

Yaya ya ga abin na neman kufcewa. Ya kamo hannun Ciyaman ya jawo shi zuwa gurbin da Auta ta bari.

"Matso ka cike nan, a ɗauka a wuce wurin."

Baba ya miƙa hannun damansa ya tare wurin.

"Kada kowa ya tsaya nan."

"Baba, ai hoton zai yi giɓi," in ji Yaya.

"Na gani."

Ya daɗe yana kallon autarsa, can ƙasa a gefen baƙar kyamara, cikin rigar da ya saya mata don wannan rana, hannunta a sama. Idonsa ya kaɗa. Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya fuskanci Dogo.

"Ɗauka a haka, da giɓin," in ji shi. "Gara in fara sabawa."

Hawaye suka ɓalle wa Auta, a gaban kowa, kuma ba ta da hannun share su. Ba ta ma nema ba. Ta ƙara ɗaga fitilar sama, har hasken ya sauka sosai a fuskar mahaifinta.